Abin da dokar Arizona ta ce kan kyamarar farauta a daji

A yammacin Amurka, maharba sun saba ɗaure 'yar ƙaramar kyamara a jikin bishiya, ta riƙa ɗaukar hoton duk dabbar da ta gifta. Tsohuwar samfurin a kati take ajiye hotuna, sai mai ita ya taka ya je ya ciro. Sabuwar kuwa da layin waya take aiki: barewa na kai baki ruwa, hotonta ya faɗo wayar maharbi yana zaune a gida. Ita ce ta fara tayar da ƙura.

Tun a 2018 jihar Arizona ta haramta farauta da kyamara mai aika hoto nan take. A watan Yunin 2021 hukumar kula da namun daji da kifi ta jihar ta ƙara gaba, ta hana amfani da kowace irin kyamarar daji don farauta, dokar kuma ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022. Haramcin ya haɗa da kafa kyamarar da kuma amfani da hotunanta wajen gano inda dabba take, ko taimaka wa wani ya harbe ta. Makiyayin da ke sa ido kan shanunsa, da mai bincike, da wanda hoton dabbobi kawai yake so, dokar ba ta taɓa su ba.

Tushen rigimar ruwa ne. Arizona ƙasa ce mai fari, dabbobi ba su da wurin zuwa sai 'yan mashayun da ake da su, wasu ma hukumar ce ta gina su don tara ruwan sama. Sai ka tarar da mashaya guda an kewaye ta da kyamarori, kowa da tasa, masu su na ta safa da marwa wajen sauya batir da kati, dabba ga ƙishi ga tsoron matsowa. Har cacar baki ake yi tsakanin maharba kan wa ya riga wa. A ganina hukumar ta yi daidai, domin dabbar da ƙishirwa ke kora wuri ɗaya, an kuma san lokacin zuwanta, ba a bar mata hanyar tsira ba.

Sauran jihohi kowace da nata tsarin. Nebada ta hana kyamara a filayen gwamnati daga 1 ga Agusta zuwa 31 ga Disamba, mai aika hoto kuwa tun daga 1 ga Yuli. Kansas a 2023 ta hana su duk shekara a filayen da hukumarta ta namun daji ke kula da su.

Masu adawa ma suna da hujja. Suna cewa kyamara na taimaka wa maharbi ya zaɓi tsohon namiji ya ƙyale ƙanana. Kuma tunda dokar Arizona kan niyya ta rataya, jami'in da ya tsinci kyamara a bakin mashaya sai ya tabbatar don farauta aka kafa ta kafin ya tuhumi kowa.