Ingancin hoton asibiti wajen tantance karayar kan ƙashin damtse

Karayar kan ƙashin damtse, wato ɓangaren da ke shiga gurbin kafaɗa, tana kai kusan kashi 5 cikin 100 na dukkan karaya. Ta fi samun tsofaffi masu gautsin ƙashi idan sun faɗi, amma a garuruwa irin su Garwa, Marwa da Njamena, inda babur ya zama abin hawan kowa, samari ma kan zo da ita asibiti bayan hatsari.

Hoton ƙashi, wato X-ray, bai cika ɓoye karaya ba. Saɓanin likitoci yana tasowa ne a kan yawan gutsattsarin da kuma nisan da suka goce. A 1970 likitan Amurka Charles Neer, bisa aikin da wani likita, Codman, ya yi a 1934, ya kasa wurin gida huɗu: kan ƙashin, babban tudu, ƙaramin tudu da sandar ƙashin. Ba a ƙirga gutsure a matsayin kashi mai zaman kansa sai ya goce fiye da santimita 1 ko ya karkace fiye da digiri 45. Faɗin ƙa'idar ba wuya, sai dai auna santimita guda a hoton da ƙasusuwa suka hau kan juna, an kuma ɗauke shi majinyaci na murƙususun ciwo, aiki ne da ido ke yawan ruɗuwa a cikinsa. Binciken Sidor da abokan aikinsa na 1993 ya nuna cewa daidaiton likitoci a kan hoto ɗaya matsakaici ne, kuma likita guda kan sauya hukuncinsa idan aka sake nuna masa hoton bayan wasu watanni.

An sa ran hoton sikana, mai yanka ƙashi falle-falle, zai kashe gardamar. Bai kashe ta ba, domin nazarce-nazarcen da suka biyo baya sun samu ƙarin daidaiton kaɗan ne, ko da an haɗa hoton ya fito da siffar ƙashin ta kowace fuska. Amfaninsa na gaskiya yana wajen shirin tiyata: yana bayyana tsagewar kan ƙashin, yana kuma taimakawa wajen duba alamomin da likita Hertel ya kawo a 2004, cewa idan ƙashin da ya rage manne da kan ƙashin bai kai milimita 8 ba, akwai fargabar jini ya daina isa kan ƙashin.

A arewacin Kamaru da Chadi sikana ba ta wuce manyan asibitocin birni ba, kuma kuɗinta na da nauyi, don haka hukunci kan rataya ne a kan hoton ƙashi. Abin da ake buƙata shi ne a ɗauke shi ta gaba, ta gefen allon kafaɗa, da ta hammata, wadda ita ce ke tona gocewar kafaɗa ta baya. Wanda ya fara biyawa ta wurin mai ɗori ya yi makonni, sabon ƙashi ya riga ya fara rufe layin karayar, karatun hotonsa kuwa ya fi wuya.