Ma'anar "Ƙarfe Uku" da "Ƙarfe Tara" a Maganar Ɗaura Fitila a Jikin Bindiga

Wanda yake zama da tsofaffin sojoji ko masu koyar da harbi, ko kuma yake bin bayanan kayan tsaro a intanet, zai ji ana cewa wane ya ɗaura fitilarsa a ƙarfe uku, wane kuwa ya fi son ƙarfe goma sha ɗaya. Wannan magana ba ta shafi lokaci ba, hanya ce ta faɗin gefen da aka ɗaura fitilar a kewayen bututun bindiga. A gari irin Zariya, inda Dafo yake horar da kuratan sojojin Najeriya tun 1924, kuma inda mafarauta da 'yan sintiri suke fita da dare riƙe da tocila, ya dace a san abin da ake nufi da ita da kuma dalilin da ya sa ake fifita wani gefe a kan wani.

Mai riƙe da bindiga yakan ɗauki bututun a matsayin tsakiyar fuskar agogo, yana kallonsa daga baya, wato daga wajen ƙota. Saman bututun shi ne ƙarfe goma sha biyu, damansa ƙarfe uku, ƙasansa ƙarfe shida, hagunsa kuma ƙarfe tara. Idan aka ce ƙarfe ɗaya da rabi, ana nufin kusurwar da ke tsakanin sama da dama, ƙarfe goma da rabi kuma ita ce takwararta ta hagu.

Babban aikin fitilar shi ne ta nuna wa mai bindiga abin da ke gabansa kafin yatsansa ya je kusa da kunama, domin a cikin duhu motsin ciyawa ɗaya ne, ko dabba ce, ko ɓarawo, ko kuma manomin da ya yi dare a gonarsa. Saboda haka duk wurin da za a zaɓa sai an auna shi da abubuwa biyu: inda inuwar bututun za ta faɗa, da yadda hannu zai kai ga makunni ba tare da an saki riƙo ba.

Batun inuwa shi ne mutane suka fi mantawa da shi. Fitilar tana zaune a bayan bakin bindiga, don haka bututun yana tare wani ɓangare na hasken, kuma inuwarsa tana faɗawa a kishiyar gefen da fitilar take. Idan tana ƙarfe uku, duhun zai bayyana a hagu. Idan tana ƙarfe tara, zai koma dama. Wanda ya ɗaura ta a ƙarfe shida kuwa, inuwar za ta tashi sama, ta faɗa daidai wajen da ake buƙatar ganin fuska da hannuwan mutum ko kan dabba, sannan fitilar za ta hana a ɗora bindigar a kan katanga ko reshe don samun saiti mai kyau. Ƙarfe goma sha biyu ya fi kowane wuri kyau ta fuskar inuwa, tunda ƙasa take faɗawa, amma a nan ne layin saiti yake bi, kuma jikin fitilar kan tare shi a yawancin bindigogi.

Hannu kuma yana da nasa hukuncin. Mai harbi da dama yana tallafe gaban bindiga da hagu, saboda haka fitilar da ke ƙarfe tara ko ƙarfe goma sha ɗaya tana kusa da babban yatsansa, yana iya dannawa ya saki cikin sauri. Aibinta shi ne idan aka rataya bindigar a ƙirji, gefen hagu ne yake manne da jiki, fitilar ta riƙa gugar haƙarƙari tana kama tufa, wani lokaci ma ta kunna kanta. Ta ƙarfe uku ba ta da wannan matsala, sai dai yatsa ba ya kai mata, dole a haɗa ta da makunni mai waya wanda ake liƙawa a saman mariƙin gaba, ga shi kuma tana ƙara wa bindigar faɗi, abin da ke da illa a ƙofar zaure ko a lungunan cikin birni masu matsi. Ga bahago duk wannan lissafi juyawa yake yi. A ganina kusurwoyin sama, wato ƙarfe ɗaya da rabi ko goma da rabi, su ne suka fi dacewa da yawancin mutane, domin fitilar tana lafewa a jikin bindiga, inuwar tana sauka ƙasa ta gefe, kuma hanyar saiti tana nan a buɗe.

Bayan gefe akwai maganar gaba da baya. Gwargwadon yadda aka matsar da fitilar kusa da bakin bindiga, gwargwadon yadda inuwar take raguwa, amma a nan ne hayaƙi da zafin harbi suke bugun gilashinta, har ya yi baƙi kamar gindin tukunya bayan 'yan harsasai kaɗan, hasken ya dusashe. Masu aiki da ita sukan tsayar da gilashin kaɗan a bayan baki, wasu kuma su shafa masa ɗan man baselin don ƙazantar ta fita da shafa ɗaya.

Abin da ake ɗaura fitilar a kai shi ma yana da suna. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne Picatinny, wani dogon ƙarfe mai tsage-tsage da faɗinsa ya kai kimanin milimita 21, wanda sojojin Amurka suka tsayar a matsayin ma'auni a 1995, aka kuma sa masa sunan wata cibiyar binciken makamai da ke jihar New Jersey. A 2014 kamfanin Magpul ya fito da M-LOK, inda ake huda ramuka a jikin mariƙin gaba a ɗaure kayan kai tsaye, nauyi ya ragu. Tsohuwar AK-47 mai mariƙin katako ba ta da ko ɗaya daga cikinsu, haka ma bindigar toka ta maƙeranmu, shi ya sa ake ganin tocilar kasuwa ɗaure da robar tayar keke a jikin bututu. Wannan dabara tana da rauni sosai. Tocilar gida ba a yi ta don jure bugun harbi ba, batirinta kan yi tsalle ya rabu da mahaɗinsa, ta mutu a lokacin da aka fi buƙatarta. Robar kuma tana saki idan bututun ya yi zafi, kuma duk abin da aka matse a jikin bututun kansa yana iya sauya inda harsashi yake sauka. Shi ya sa ake ɗaura fitila a mariƙi, a bar bututun ya wataya.

A jikin kwalin irin waɗannan fitilu ana rubuta lumen, wato yawan hasken gaba ɗaya, da kandela, wato ƙarfinsa a tsakiya, wanda shi ne ke nuna nisan da zai kai. A lokacin hunturu, idan hazo ya rufe Zariya da ƙauyukanta, haske mai bazuwa yakan bugi ƙurar ya dawo ido, mutum ya ga fari fat a gabansa ba tare da ya ga komai ba. Siririn haske mai yawan kandela ya fi ratsa ta. A cikin ɗaki mai farin bango kuwa, haske mai ƙarfi yana kashe wa mai shi ido.

Abin da ya fi damuna a wannan batu shi ne, duk inda fitilar bindiga ta haska, nan bakin bindiga ya nufa. Wanda ya yi amfani da ita wajen duba wanda ke tafe a layi, ko neman akuyar da ta ɓata, ya riga ya auna mutanen da ba su yi masa komai ba da makami mai harsashi. Don haka masu horarwa suke cewa a riƙe tocila daban a hannu ko a goshi don bincike, a bar ta bindiga sai an ga dalili, a kunna ta na ɗan lokaci a kashe, tunda hasken da ke nuna wa mutum hanya shi ne kuma yake nuna inda yake tsaye. Duk wannan bayani ya shafi jami'an tsaro ne da masu lasisi, domin dokar makamai ta Najeriya ba ta yarda a mallaki bindiga ba sai da izini, har ma bindigar toka, wadda takardarta take fitowa daga ofishin kwamishinan 'yan sanda na jiha.