Bijirewar Ƙwayoyin Cutar Mafitsara ga Magani

Bijirewa ga magani yanayi ne da bakteriyar da ke haddasa ciwon hanyar fitsari ke daina jin antibayotik ɗin da a da yake kashe ta. Mutane kan ce jiki ya saba da magani, alhali ƙwayar cutar ce ta sauya.

Galibin wannan ciwo Escherichia coli ce ke kawo shi, wadda mazauninta hanji ne, sai Klebsiella da Proteus. Ya fi kama mata saboda gajartar bututun fitsarinsu. Yakan zo da zafin fitsari da ciwon mara, in ya hau ƙoda kuma sai zazzaɓi da ciwon kwiɓi. A Katsina da Daura akan sa shi cikin "ciwon sanyi", sunan da ya haɗe cututtuka da dama masu magani daban-daban. Daga nan matsalar ke somawa: mai ciwo ya je kemis, a ƙirgo masa kafso daidai kuɗinsa, zafi na lafawa ya ajiye. Raunanan ƙwayoyin sun mutu, masu taurin kai sun samu fili.

Wasu nau'o'in E. coli da Klebsiella suna fitar da sinadarin ESBL, wanda ke lalata dangin fenisilin har da allurar ceftriaxone. Suna kuma miƙa wa junansu wannan baiwa ta wasu ƙananan zobban gado da ake kira filasmid. Ampicillin da Septrin sun rasa ƙarfi a wurare da yawa, ciprofloxacin na bin sawunsu. Nitrofurantoin har yanzu yana aiki a mafitsara, amma bai dace da ciwon ƙoda ba. Idan waɗannan suka gaza sai allura irin meropenem, mai tsadar gaske.

Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi gargaɗi kan shan magani ƙasa da adadin da ya kamata tun 1945. Binciken da mujallar The Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa bijirewar bakteriya ta kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi jin jiki. Nijeriya ta fitar da shirinta na ƙasa kan lamarin a 2017.

A manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ana shuka fitsari a ɗakin gwaji, a ga wace ƙwaya ta tsiro da maganin da ke kashe ta. Sakamako kan ɗauki kwana 2 zuwa 3. Fitsarin tsakiya ake tara, wato wanda ke fita bayan an bar na farko ya zuba, kafin a fara shan magani.