Titin Lombard na San Francisco

Titin Lombard wani dogon titi ne a birnin San Francisco da ke jihar Kalifoniya a Amurka, ya taso daga wajen Presidio, wani tsohon sansanin soja, a yamma ya miƙe gabas har bakin ruwa. Mafi yawansa titi ne kamar kowanne, wani sashen ma babbar hanyar motoci ce mai lamba 101, amma abin da ya sa duniya ta san shi ɗan guntu ne kawai da ke tsakanin titin Hyde da titin Leavenworth a kan tudun Russian Hill, inda hanyar ke murɗewa kamar maciji har kwana 8 a cikin tsawon da bai wuce mita 180 ba. Unguwar ta masu hannu da shuni ce, gida ɗaya a wurin sai ka ji ana maganar miliyoyin daloli.

Sunan shi kansa ya sha tafiya kafin ya iso nan. A shekarar 1847, shekarar da aka canza wa garin suna daga Yerba Buena zuwa San Francisco, wani safiyo ɗan asalin ƙasar Ailan mai suna Jasper O'Farrell ne aka ba aikin auna garin da shata tituna, shi ne ya ɗauko sunan daga titin Lombard na birnin Filadelfiya. To shi ma na Filadelfiyan aro ne daga Landan, don a can akwai tsohon titin Lombard wanda tun ƙarni na 13 'yan kasuwa da masu ba da rance daga yankin Lombardi na arewacin Italiya suka zauna a kai suna harkar kuɗi, har titin ya zama cibiyar bankunan Ingila na ɗaruruwan shekaru. In aka ƙara tonawa kuma, shi yankin Lombardin sunan wata ƙabila ce ta Jamusawan dauri da suka shiga Italiya a shekarar 568 ƙarƙashin sarkinsu Alboin, ana ce musu Langobardi, wato masu dogon gemu. Shi kuwa tudun Russian Hill an sa masa sunan Rashawa ne saboda wata 'yar maƙabarta ta mutanen Rasha da masu zuwa neman zinariya suka tarar a samansa.

Da farko wannan guntun miƙaƙƙe ne sambal, sai dai gangaren ya yi tsanani, kashi 27 cikin ɗari, ma'ana in ka yi gaba mita ɗari ka sauka mita 27 kenan, kuma motocin wancan zamanin ba su da ƙarfin hawa irin wannan balle birkin da zai riƙe su a sauka, shi ya sa filaye da gidajen wurin ba su da wata daraja, wa zai sayi gidan da mota ba ta zuwa ƙofarsa? Wani mai filaye a wurin, Carl Henry, shi ya kawo shawarar a lanƙwasa hanyar, injiniyan birni Clyde Healy ya zana, aka yi aikin a 1922. Aka shimfiɗa jan bulo, aka yi matattakala dama da hagu don masu tafiya a ƙasa. Ba don ƙawa aka yi ba sam, lalura ce, kuma ni a ganina wannan ne abin burgewa a tarihin titin. A 1939 aka mayar da shi hannu ɗaya, sauka kawai ake yi ba a hawa, gudu kuma kada ya wuce mil 5 a awa.

Furannin nan da ake gani a hotuna daga baya suka zo, wani mazaunin layin mai suna Peter Bercut ne ya dasa furen hydrangea a tsakanin lanƙwasar hanyar, kuma daga lokacin da hoton titin ya fara fitowa a katin gaisuwa wajajen farkon shekarun 1960 sai jama'a suka fara ɗaukin zuwa. In ka tsaya a sama inda ɗan jirgin ƙasan cikin gari da igiyar ƙarfe ke ja na layin Powell-Hyde ke sauke fasinja, hasumiyar Coit na can gabanka a kan tudun Telegraph Hill, ga ruwa a bayanta, a ƙasanka kuma motoci ne a jere direba na ta juya sitiyari ƙafa na kan birki, na kusa da shi ya miƙo waya ta taga yana ɗaukar bidiyo.

Gaskiya mazauna wurin suna shan wahala kuma ya kamata a faɗa. Kusan mutum miliyan 2 ke zuwa a shekara, mutum zai fito da motarsa daga gareji sai ya jira layin baƙi ya wuce, ga hayaniya ga shara ga masu tattake furanni. A 2019 majalisar jihar ta amince da dokar da za ta bari a riƙa kama wuri tun kafin a zo tare da biyan kuɗi har dala 10, amma gwamna Gavin Newsom ya ƙi sa hannu, ya ce titin na kowa ne.

Duk da ana masa kirari da titin da ya fi kowanne karkacewa a duniya, a cikin San Franciscon ma akwai titin Vermont a unguwar Potrero Hill mai kwana 7 da yawancin masu aunawa ke cewa ya fi shi murɗewa, sai dai shi na kankare ne, ba jan bulo ba furanni, baƙi kaɗan ne ke zuwa can.