Mene Ne "Arshafa" Da Ake Yawan Faɗa A Ofisoshin Saudiyya?

Wanda ya je bin wata takarda a Jidda ko Makka a 'yan shekarun nan, da wuya bai ji ma'aikaci ya ce masa mu'amalarsa, wato buƙatar da ya shigar, "tana cikin nizam" (tsarin kwamfutar hukuma) ba, ko kuma tsohuwar takardarsa sai an yi mata arshafa tukuna. Kalmar ta Larabci ce, cikakkiyarta al-arshafa al-iliktiruniyya. Abin da take nufi shi ne adana takardun hukuma a kwamfuta bisa tsari, yadda za a iya nemo su nan take, a san wanda ya taɓa su, a kuma kafa hujja da su a gaban alƙali.

Mutane da dama sun zaci ɗaukar hoton takarda da na'ura shi ke nan an yi arshafa. Matakin farko ke nan kawai. Hoton da aka jefa cikin kwamfuta ba suna ba lamba, ba shi da maraba da takardar da aka cusa a buhu aka ajiye a sito. Sai an ba takardar lamba da kwanan wata, an rubuta inda ta fito da inda za ta, an sa ta cikin rukuninta, an ƙayyade masu izinin buɗe ta, an kuma yanke tsawon lokacin da za a riƙe ta, domin wasu ana ajiye su har abada, wasu kuwa a lalata su idan wa'adinsu ya cika. Abin da ya fi burge ni shi ne sawu. Duk ma'aikacin da ya buɗe takarda ko ya tura ta gaba, tsarin yana rubuta sunansa da lokacin. A da ofishin sadir da warid, wato na takardu masu fita da masu shigowa, ne ke yin wannan da hannu a manyan littattafai, kuma idan fayil ya kwana a teburin wani, mai shi ba ya da hanyar sanin teburin wa.

Dattawanmu da suka daɗe a ƙasar sun san koren fayil ɗin nan, malaf akhdar, wanda kowace ma'aikata ke cewa a zo da shi cike da kwafin iƙama (katin izinin zama) da fasfo da hotuna. Sun san "raji'na bukra", wato "ka dawo gobe". Sun san kuɗin da mu'aƙƙib, mai bin takardun mutane a ofisoshi, ke karɓa don ya bi maka layi. Talaka ne ya fi shan wannan wahala, shi ya sa nake ganin sauyin alheri ne gare mu.

Ba dare ɗaya aka yi shi ba. Tun 1989 aka kafa cibiyar adana takardu ta ƙasa. A 2005 aka fara shirin Yassir don mayar da ayyukan gwamnati kan intanet, sannan a 2007 aka fitar da dokar mu'amalolin lantarki, wadda ta ba rubutu da sa hannu na lantarki ƙarfin hujja irin na takarda idan sun cika sharuɗɗa. Wannan dokar ce ginshiƙin abin, don ba tare da ita ba kwamfuta ma'ajiyar kwafi ce kawai. Absher, dandalin intanet na ma'aikatar cikin gida, ya zo a 2010, ma'aikatar shari'a ta buɗe Najiz inda ake yin wakala (takardar wakilci) da bin ƙara, kuma a 2021 aka kafa hukumar gwamnatin dijital.

To, ga inda abin ya shafe mu kai tsaye. Yanzu abin da ke cikin nizam shi ne asali, takardar da ke aljihunka kwafi ce. Sunayenmu kuwa a fasfo da boko suke, a iƙama kuma da Larabci, kuma kowane magatakarda yana rubuta Ɗanjuma ko Ɗanladi yadda kunnensa ya ji. Haka ranar haihuwa takan sauya wajen juya ta daga Miladiyya zuwa Hijiriyya. A da ma'aikaci zai iya duban fuskarka ya gane kai ne, ya wuce da kai. Kwamfuta ba ta yin wannan alfarmar, harafi ɗaya ya saɓa sai mu'amala ta tsaya. Ya kamata kowa ya buɗe Absher ɗinsa ya duba nasa sunan da na matarsa da 'ya'yansa tun ba a matsu ba, ya nemi gyara a jawazat, wato ofishin fasfo da iƙama, idan ya ga saɓani.

Lambar wayar da aka haɗa da asusun ta zama taka ce, a hannunka. Kada ka ba mu'aƙƙib ko wani mai kiran waya lambar sirrinka, kada kuma ka amince da buƙatar Nafath (manhajar tabbatar da cewa kai ne mai shiga asusun) da ba kai ka nema ba, domin duk abin da aka yi da asusunka, da sunanka tsarin zai rubuta shi.

Masu damu na su ne 'yan'uwanmu da ba su da iƙama, musamman yaran da aka haifa a nan ba a yi musu takardar haihuwa ba. Makaranta, asibiti, layin waya da banki duk lambar shaida suke tambaya kafin komai, kuma ƙofofin da a da ake lallaɓawa a shiga suna ta rufuwa. Iyayen da ke da iƙama su yi wa jariri rajista a Ahwal, ofishin rajistar haihuwa, da zarar asibiti ya tura sanarwar haihuwa, sannan su sa shi cikin iƙamarsu.