Matsalar ƙin kama wuta a hitar gida mai aiki da gas ɗin furofen

Hitar gida mai aiki da furofen inji ne da ake girkawa a gidaje musamman a ƙasashe masu tsananin sanyi irin su Amurka da Kanada, yana ƙona gas ya ɗumama iska sai fanka ta tura iskar ta cikin manyan bututai zuwa ɗakuna. Shi furofen ana ajiye shi ne a tanki a wajen gida yana ruwa-ruwa, kuma ba a cika tankin fiye da kashi 80 cikin 100 saboda yana kumbura in ya ji zafi. Ƙorafin da aka fi yi akan hitar shine ta ƙi kamawa, ko ta kama ta mutu nan take.

Kafin a taɓa komai sai an fara shinshinawa. Furofen ya fi iska nauyi kusan sau ɗaya da rabi, don haka in yana yoyo ƙasa yake kwanciya ya taru a lungu, shi yasa ake sunkuyawa a shinshina kusa da daɓe. Asalinsa ba shi da wari, kamfanoni ne ke zuba masa sinadari mai warin ruɓaɓɓen ƙwai don a gane. In an ji wannan warin to maganar gyara ta ƙare, kada a kunna ko a kashe ko da ƙwan lantarki ne, kowa ya fita, a rufe bawul ɗin tanki in ba haɗari, sannan a kira masu gas daga waje.

Hitar zamani tana da tsari da take bi duk lokacin da zata tashi, kuma bata tsallake mataki. Na'urar saita zafi da ke jikin bango tana aika sigina ta wayar bolt 24, sai ƙaramar fankar fitar da hayaƙi ta fara juyawa, wani makunni mai jin matsin iska ya tabbatar hanyar hayaƙi a buɗe take, sai sandar kunnawa ta yi ja jawur ko a ji ƙas ƙas ɗin tartsatsi, bawul ɗin gas ya buɗe, wuta ta kama, sensa ta shaida cewa eh akwai wuta, bayan kamar rabin minti zuwa minti ɗaya babbar fanka ta tashi. Toh inda wannan jerin ya tsaya nan matsalar take. Gaskiya mutum ya tsaya ya saurara ya leƙa ta ƴar tagar gilashin ya fi masa ya fara siyan kayan gyara da ka.

In shiru ne gabaɗaya ba motsi, yawanci abin ƙarami ne, batirin na'urar bango ya mutu, ko bireka ta faɗi, ko fis ɗin kan bod, wato allon lantarkin da ke sarrafa hitar, ya ƙone, ko kuma murfin hitar bai zauna daidai ba don akwai makunnin kariya a bayansa. In ƙaramar fanka na juyawa amma sandar bata yi ja ba, sai a duba hanyar hayaƙi, sheƙar tsuntsu ko ƙanƙara kan toshe bakin bututun, a hita masu tattalin gas sosai kuma ruwan da ke tsatsowa kan toshe tiyonsa ya hana makunnin matsi rufewa. Sandar kunnawa ma tana tsagewa in ta tsufa, ana gwada ta da mita, kuma mai saurin karyewa ce sai a lallaɓa.

Wacce tafi rikita mutane ita ce wuta ta kama shuɗiya lafiya lau, bayan ƴan daƙiƙu ta mutu, ta sake gwadawa ta sake mutuwa. Mafi yawan lokaci sensar wuta ce tayi datti. Ƴar siririyar sandar ƙarfe ce da ke tsaye cikin harshen wuta, lantarki ɗan mitsitsi na ƴan maikuro-amf ke ratsawa ta cikin wutar zuwa jikin bona, wato kan da gas ke fitowa yana ci da wuta, da shi bod ke gane wuta na ci. In tsatsa ko toka ta rufe sandar sai bod ya ɗauka gas na zuba ba wuta, sai ya rufe bawul, kuma daidai ya yi. Ana kashe lantarki a kwance sukuru ɗaya a goge ta da lallausar samfefa ko soson ƙarfe mai laushi a mayar. Yawancin hita in sun gwada kamar sau 3 basu kama ba suna kulle kansu na kusan awa 1, kuma ƴar fitilar kan bod tana ƙyaftawa da adadin da ke nuna laifin, fassarar na manne a cikin murfi.

Tsofaffin hita ƙaramar wuta ce dasu mai ci kullum, da wata sanda da zafi ke sa ta bada kimanin milibolt 25 zuwa 30 don riƙe bawul a buɗe. In wutar na mutuwa da zarar an saki maɓallin da ake dannawa wajen kunna ta to sandar ce ta gaji ko ramin gas ɗin ya toshe, har yanar gizo-gizo na toshe shi.

In sandar kunnawa tayi ja amma ba gas, a duba gejin tanki. Tankin da ya ƙare ƙaf iska na shiga layinsa, kuma a Amurka ƙa'ida ce sai an yi gwajin yoyo kafin a sake buɗe gas. Regileta, wato na'urar da ke rage matsin gas, ita ma kan daskare. Matsin furofen a wajen bona kusan inci 10 zuwa 11 ne na ma'aunin ruwa, na gas ɗin bututu kuwa 3.5, saita wannan aikin ƙwararre ne mai kayan awo. Haka in wuta tana ci rawaya tana baƙin hayaƙi, ko makunnin da ke kashe hita in wuta ta fallo waje ya faɗi, kada a danna shi a cigaba, don yana iya zama tukunyar zafin, wato ƙarfen da ke raba hayaƙi da iskar ɗaki, ce ta tsage ko ta toshe, kuma ta nan iskar kabon monoksaid mai guba mara wari ke shiga ɗakunan kwana.