Bagaruwa a Binciken Maganin Ƙwayoyin Cuta

Bagaruwa, wadda masana tsirrai ke kira Vachellia nilotica, itaciya ce mai ƙaya da ta yawaita a fadamun Haɗeja da gefen kogunan Kano. Majema na jeme fata da 'ya'yanta, a ƙauyuka kuma ana dafa su a kurkure baki ko a wanke gyambo. Abin da ke aiki a nan da can ɗaya ne: sinadarin tanin mai bauri, wanda ke kama furotin ya ƙanƙance shi. Masu bincike sun waiwayo ta ne saboda ƙwayoyin cuta na bakteriya na ƙara bijire wa magungunan asibiti, matsalar da ta kashe kimanin mutum miliyan 1.27 a duniya a 2019.

Don gwada ta a kan bakteriya, ana shanya 'ya'yan a inuwa, a cire ƙwallon, a daka, a tankaɗe. A jiƙa giram 100 na garin cikin lita 1 ta etanol, wato ruwan sifirit, na awa 72, ana girgizawa. Bayan an tace, a ƙafar da ruwan a zafin da bai wuce digiri 40 na ma'aunin Salshiyos ba, don wuta mai yawa na lalata wasu sinadaran. Abin da ya rage danƙo ne mai duhu, shi ne tatsen. Sai a shafa bakteriya a farantin gwaji, a huda rami mai faɗin milimita 6, a ɗiga tatsen, a ajiye a digiri 37 na awa 18 zuwa 24, sannan a auna da'irar da ƙwayar ta kasa tsirowa.

Galibi Staphylococcus aureus, mai haddasa maruru, ya fi saurin faɗuwa, E. coli kuwa, ƙwayar da ke zama a hanji, na da ƙarin fata ta waje da ke tare tatsen.

A nan ne ake yawan zarce gona da iri. Da'ira a faranti ba magani ba ce tukuna. Tanin ba ya zaɓe, duk furotin da ya tarar zai kama, har na jini da na abinci, kuma kaɗan ne ke ratsa hanji. Ƙarfin tatsen ma na sauyawa da wurin da itaciyar ta fito da lokacin tsinka, garin da ya sha danshin damina kuwa yakan yi fumfuna ya ɓata gwajin. Shi ya sa amfanin bagaruwa a fatar jiki da baki ya fi alamar tabbata. Yawan shanta na kawo taurin bayan gida, yana kuma rage sinadarin ƙarfe da jiki ke tsotsa daga abinci, abin lura ga masu ciki da masu jego.